Zuwa ga Hajiyar da ɗanta ya dawo gida

Hajiya, ina gaisuwa da fatan alheri.

Tambayar da kika yi mini a bainar jama'a, a shirin da muka yi kan zaman iyali, lokaci bai bar ni na amsa ta yadda ya kamata ba. Kin ce ɗanki mai shekara 31 ya dawo gida bayan ya rasa aikinsa, da cewa wata uku zai yi, ga shi an shiga shekara ta biyu. Kin ce ranki na ɓaci duk sanda kika tarar da shi kwance har hantsi da waya a hannu, daga baya kuma ki koma kina zargin kanki. Kika tambaya: "Ni muguwar uwa ce don ina so ya tafi?"

A'a, Hajiya. Ba ki yi laifi ba don kin gaji. Wannan gajiyar ma har an yi bincike a kanta. A 2018, masu bincike Marco Tosi da Emily Grundy sun duba rayuwar iyaye a ƙasashen Turai 17, suka gano cewa jin daɗinsu yana raguwa idan babban ɗa ya dawo gidan da yara suka riga suka watse. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kin yi shekara da shekaru kina dawainiya, kin fara samun sararin kanki, kin saba da lokacin barcinki da shirun gidanki, kwatsam aka mayar da ke aikin da kika ɗauka kin gama.

Shi ma kada ki yi saurin yanke masa hukuncin lalaci. A watan Yulin 2020, lokacin annobar korona, cibiyar bincike ta Pew ta ce kashi 52 cikin 100 na matasan Amurka 'yan shekara 18 zuwa 29 suna zaune da iyayensu, abin da ya zarce kashi 48 na shekarar 1940. Alƙaluman Tarayyar Turai na 2022 sun nuna matashi a Finland yakan bar gida wajen shekara 21, a Kuroshiya kuwa sai wajen 33. Tsadar haya, aikin da ba ya ɗorewa, albashin da ba ya kai ƙarshen wata da jinkirin aure, su ne ke riƙe mutane a ɗakin ƙuruciyarsu.

Amma ni a ganina ba zamansa ba ne ke cin ranki. Yadda yake zaman ne. Ya bar gidan nan yana babban mutum, ya dawo ya koma matsayin yaro, ke ma ba ki ankara ba kika koma matsayin mai raino. Ke ce da wanke kwanon da ya bari a bakin gado, ke ce da biyan kuɗin wuta, ke ce da kasa kunne da tsakar dare ki ji ƙarar ƙofa kafin barci ya ɗauke ki. Idan kin tambaye shi batun aiki ya ce "ana nan ana nema", ki haɗiye sauran maganar don kada a ce kin yi masa gori. Takaicin da kika haɗiye kuwa ba ɓacewa yake yi ba. Yana fitowa ta wajen tsaki da jefa magana, shi kuma yana ji, sai ya ƙara ƙulewa a ɗaki.

A 2023, a birnin Pavia na Italiya, wata uwa mai shekara 75 ta kai 'ya'yanta biyu kotu, ɗaya 40 ɗaya 42, alƙali ya umarce su da su bar mata gida. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne ƙorafinta: dukansu suna da aiki, amma ba sa ba da ko sisi, ba sa taɓa aikin gida. Ba na yi miki fatan zuwa nan, kuma ɗanki bai kai nan ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai ina da yaƙinin cewa irin wannan ba a dare ɗaya yake faruwa ba, shekaru ne na maganar da aka ƙi yi.

Don haka ki zauna da shi, a ranar da ba ku yi faɗa ba, kuma ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba. Idan mahaifinsa yana nan, ku fara daidaita bakinku, don babu abin da ke rusa irin wannan zama kamar ɗaya ya ɗaure ɗaya ya kwance a ɓoye. Ki gaya masa a fili cewa kin gaji, kuma kina sonsa, duka biyun. Ku yanke abin da zai ɗauka na gidan: in babu kuɗi akwai cefane, shara, gyare-gyare, kai ki asibiti. Ku sa wata takamaimai da za ku sake zama ku duba inda aka kwana, da abin da zai yi kafin nan, ko da aikin bai kai wanda ya rasa ba. Ke kuma ki daina abin da ba a yi wa mai shekara 31. Kada ki gyara masa ɗaki, kada ki bi shi da "ina ka je?" Ya isa ya sanar da ke in zai yi dare.

Abu ɗaya nake roƙon ki duba kafin zaman. In barcin nan ya haɗu da ƙin fita, yanke hulɗa da abokai da rashin kula da jikinsa, mai yiwuwa ciwon damuwa ne, wanda yakan biyo bayan rasa aiki. Wannan faɗa ba ya warkar da shi, likita yake buƙata, kuma sai a fara da can kafin a zo batun wa'adi.

Allah ya ba shi mafita, ya ba ki sauƙi.

Ɗan'uwanki.