Wasiƙa zuwa Newcastle kan maganar kuɗin hayar nan

Salamu alaikum mutumina, ya sanyi, ya Hajiya da yara? Na saurari saƙon muryarka kan hukuncin da Universal Credit, wato tallafin gwamnatin Birtaniya ga masu ƙaramin ƙarfi, suka yanke game da kuɗin hayarka har sau biyu, wallahi abin ya tsaya mini a rai, musamman da naji kace ka haƙura haka Allah ya so. Dan Allah kar ka bari, tashi ka ɗauko takardar hukuncin ka duba kwanan watan da ke samanta tukuna, domin wata ɗaya ne kacal kake da shi daga wannan ranar ka nemi a sake dubawa.

Bari in faɗa maka yadda suke lissafin. A Universal Credit ba lallai su biya duk abin da mai gida yake karɓa a hannunka ba, suna da nasu farashin na kowane yanki da suke kira LHA, wato iyakar kuɗin hayar da za su biya, kuma da yawan ɗakunan da suka ga iyalinka sun cancanta suke auna shi. Kai da Hajiya ɗaki ɗaya, yara biyu ƴan ƙasa da shekara 10 ɗaki ɗaya ko da mace da namiji ne, in jinsinsu ɗaya kuwa tare za a lissafa su har su kai 16. To nan nake so ka tsaya, ƴarka ba ta cika 10 da ƙaramar Sallah ba? In haka ne ba za a ƙara haɗa ta da ƙaninta ba, farashin ɗaki uku ya kamata ka samu, ka duba bayanin biyan watan nan ka ga ko har yanzu na biyu aka sa.

Sai albashi, bayan ɗan kason albashin da ba a lissafawa ga masu yara, duk fam ɗaya da ka samu ana rage maka fens 55, shi yasa watan da ka yi obataim sai kaga kuɗin ya zube. Ajiya kuma in ba ta wuce fam 6,000 ba babu komai, daga nan zuwa 16,000 ana cire fam 4.35 a wata kan kowane 250, in ta haura 16,000 shikenan babu tallafi. Kuma filin nan naka na Kano yana cikin dukiya a wajensu, ka faɗa musu da bakinka, na roƙe ka, ya fi su gano daga baya su ce ka dawo da kuɗi.

In ka ga ba daidai ba, shiga jonal ɗinka, wato shafin saƙonni na asusunka na Universal Credit a intanet, ka rubuta kana neman mandatory reconsideration, wato su sake duba hukuncin, da wannan sunan zaka rubuta don kar a ɗauka ƙorafi ne kawai. Faɗi ranar hukuncin da wurin da kake ganin kuskuren yake, ka haɗa da takardar haya da ta haihuwar yarinyar, ka ɗauki hoton shafin ka ajiye. In sun ƙi canzawa za su aiko maka da takarda, daga nan kana da wata ɗaya ka ɗaukaka ƙara zuwa tirabunal, wato kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararrakin, da fom SSCS1, kyauta ne, alƙalin kuma ba ma'aikacinsu bane. Ka zaɓi a saurare ka baki da baki, za ma ka iya neman tafinta. Ko an makara ana iya karɓa har wata 13 in akwai dalili mai ƙarfi, amma kar mu kai can.

Ni da kaina na taɓa yin wata uku ban sanar da ƙarin haya ba, takardar tana nan saman firij ƙarƙashin kwandon biredi, ragowar daga aljihuna na cike, har yau ina jin zafinsa.

Ƙaninka da ya zo da bizar aiki kuwa ka ja masa kunne, in takardarsa ta hana shi kuɗin gwamnati kar ya kuskura ya nema, zai iya taɓa masa zama.

Ka leƙa Citizens Advice, masu ba da shawara kyauta, ko ka kira Shelter, ƙungiyar da ke taimakawa kan matsalar gidaje, cikin satin nan, sannan ka turo mini hoton takardar ta WhatsApp yau da daddare bayan isha'i mu karanta tare. A gaida Hajiya.

Naka, daga Landan