An sayar mini da gilashin da ba makro ba, wanne zan saya yanzu?

Assalamu alaikum Malam, da fatan kai da masu sauraro kuna lafiya.

Raina a ɓace nake rubuto maka. Ɗan kawuna, mai dillancin kayan hoto na hannu, ya sayar mini da gilashin kyamara zum 70-300mm, ya rantse mini makro ne, wato gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, tunda an rubuta a jikinsa. Ranar Asabar na je da shi biki, hoton zoben amarya da sarƙarta suka fito dishi-dishi, uwar amarya ta ce ba za ta cika kuɗin aiki ba.

Za a ce ai ni ne mai sana'a. Haka ne, amma da daddare ya kawo shi, yana ta azalzalata wai wani na jira, kuma wa ke haska tocila a kayan ɗan'uwansa? Da na haska daga baya, sai ga fumfuna kamar saƙar gizo a ciki. Ya sani, Malam, wallahi ya sani.

Makro na gaskiya shi ne 1:1, wato abu mai milimita 10 ya sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da girmansa na milimita 10. Wannan da ya sayar mini iyakarsa 1:2, wato rabin girman abu, shi ma sai an zuƙo shi 300mm, an ja baya kusan mita ɗaya, ƙofar haske ta tsuke zuwa f/5.6. A wannan tsawon, in saurin shata, wato ƙiftawar kyamara, bai kai 1/500 na daƙiƙa ba rawar hannu za ta ɓata hoton, ga ɗakin amarya ƙwan fitila ɗaya ne, gilashin kuma ba shi da abin rage girgiza. Zanen lalle bai buƙatar 1:1, na yarda, amma zobe da ɗan kunne suna buƙata.

Abin da nake nema gilashi ɗaya ne, mai ɗaukar fuska ya kuma ɗauki ƙananan abubuwa. Canon 85mm f/1.8 yana narkar da bayan hoto da kyau, sai dai ba ya kama fokas ƙasa da santimita 85, zobe ya zama ɗigo. Canon 100mm f/2.8 makro yana barin kusan santimita 15 tsakanin bakinsa da abin da ake ɗauka, filasha ta samu hanyar shiga, inuwata ba ta rufe zoben ba. Irinsa na 2009 mai jan layi zagaye da bakinsa yana da abin rage girgiza, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Tsohon Tamron 90mm ya fi araha, sai dai bakinsa na fitowa idan yana fokas, tazarar ta ragu. Na 2012 ba ya fitowa, kuma yana rage girgiza, haka ma Sigma 105mm na 2011.

Na manta ban faɗa ba, kyamarata Canon 80D ce, mai ƙaramar sensa, ana ninka tsawon gilashi da 1.6. Ke nan 100mm zai zama kamar 160mm. Don in ɗauki kai da kafaɗa sai na ja baya kusan mita 3, shagona kuwa mita 4 ne har da labulen baya. Makro na 60mm zai shiga shagon, amma santimita 9 kawai yake bari a 1:1.

Kuma na san makro ba ya gyara komai shi kaɗai. A 1:1 haske na raguwa mataki biyu, f/2.8 ya yi aikin f/5.6, abin da ke fitowa tar ko a f/11 bai kai milimita 2 ba, dole filasha ko abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Kaifin makro na tona ƙuraje da kaurin hoda, fokas ɗinsa na yawo gaba da baya in ba a kulle makunnin taƙaita nisa ba.

To wanne zan ɗauka, 60, 90 ko 100? Ko da yake kuɗin ma suna hannun ɗan kawun nawa. Na mayar masa da gilashin ya ce ciniki ya faɗa, Kawu kuma ya aiko in bar maganar saboda zumunci. Shi zumuncin ni kaɗai ya hau? In kai ƙara wurin shugaban ƙungiyarsu ta kasuwa, ko in haƙura in ci bashi? Ina da wani bikin nan da mako uku, na riga na karɓi kafin alƙalami.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka, mai ɗaukar hoto daga Zariya.