Tsalle kaɗai ba shi ne gwaninta ba a wasan basket

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina yi muku fatan alheri da ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni mai karatun jaridarku ne daga nan Tawa, kuma na daɗe ina koya ma yara basket da marece bayan an tashi lakwal. Abin da ya sa na ɗauko waya na rubuto shi ne wata magana da na gani a shafinku na wasanni, inda anka nuna kamar ɗan wasan da ya fi kowa ƙarfin jiki a basket shi ne wanda ya fi kowa tashi sama. Gaskiya wannan magana ta tsaya mini a rai, don ita ce dai nake ji kullum a fada idan muna shan shayi muna jiran maci na NBA, babbar gasar basket ta Amurka, da ƙarfe biyu na dare, kuma ita ce ke ɓata mana yara a hili, musamman wajen tare ƙwallo idan abokin karawa ya jefa ta zuwa kwando, abin da mu nan muke ce ma kontir.

Yaro zai ga bidiyo na sakan goma a TikTok, wani ya tashi kamar zai taɓa rufi ya mari balo ya aika ta cikin ƴan kallo, kowa na ihu, shi ke nan gobe ya zo hili duk wanda ya ɗaga hannu sai ya yi tsalle. To ai abokin karawarka ba wawa ba ne, sau ɗaya zai yi kamar zai jefa, kai kana sama shi yana ƙasa, ya wuce ka ko ya sa ka faɗo kansa alƙali ya busa maka fot, wato laifi. Kuma ko ka same ta ka aika waje, balo ta koma hannunsu, me ka ci?

Mu duba waɗanda sunka riƙe tarihin abin nan. Wanda ya fi kowa yawan kontir a tarihin NBA shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, maƙwabcinmu, yana da 3,830. Wannan bawan Allah bai fara basket ba sai da ya kai wajen shekara 15, kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa kuma yana buga ƙwallon hannu. Duk wanda ya taɓa tsaron gida ya san aikin ido ne da ƙafa da haƙuri, ka karanta inda mutum zai buga, kada ka faɗi kafin ya buga. Wannan ne ya kwaso ya kai ƙungiyar Houston har sunka ci kofin NBA a 1994 da 1995, kuma mutumin nan yakan buga maci da azumi a bakinsa cikin Ramadan. Idan kun kalli tsoffin bidiyonsa ku bar kallon hannun, ku kalli ƙafafun, yadda yake sauka ya sake tashi nan take kamar ƙasar na da zafi. Wannan tsalle na biyu shi ne abin da ba a aunawa, kuma ni a wurina ya fi na farko daraja nesa ba kusa ba, don mai kontir na gaske yakan tashi sau biyu ko uku cikin hari guda.

Na biyu a jerin shi ma ɗan Afirka ne, Dikembe Mutombo na Kinshasa, 3,289, Allah ya yi masa rasuwa a watan Satumba 2024. Sai kuma wanda nake so masu maganar tsalle su yi mini bayaninsa, Mark Eaton na Utah. Bakanike ne mai gyaran mota kafin a jawo shi basket, tsawonsa mita 2.24, ba gudu ba tsalle, amma a kakar 1984-85 ya yi kontir 456, wato sama da biyar a kowane maci, har yau babu wanda ya kamo shi. Shi dai ya san inda zai tsaya, ya ɗaga hannu miƙe, ya jira.

Akwai lissahi mai sauƙi a nan. Kwando yana mita 3.05 daga ƙasa. Rudy Gobert na Faransa, lokacin da anka auna shi a 2013 kafin ya shiga NBA, yana tsaye ƙafa a ƙasa hannunsa na kai mita 2.92, faɗin hannuwansa kuma wajen mita 2.35. Santimita 13 ke nan tsakaninsa da kwando tun bai motsa ba. Tsallensa bai burge kowa ba, sai a lamba 27 anka ɗauke shi a zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA, amma ga shi sau huɗu yana zama gwarzon mai tsaron baya na NBA. Mai tsayin hannu ba ya buƙatar durƙusawa ya tara ƙarfi, shi kuwa mai dogaro da tsalle dole ya lanƙwasa gwiwa tukuna, kuma wannan ɗan lokacin shi ne komi, saboda doka ta ce idan balo ta fara gangarowa zuwa kwando ka taɓa ta an ba su makin. Lokacin tare ta ƙanƙane ne ƙwarai, daga barinta hannun mai jefawa zuwa ƙololuwar tashinta. Victor Wembanyama da yaranmu ke hauka a kansa yanzu, wanda ya jagoranci NBA a kontir tun shekararsa ta farko da 3.6 a kowane maci, ku lura sau nawa yake tarewa ba tare da ya yi wani tashi ba.

Ba wai na ce gudu da tsalle banza ne ba, a'a. Duk wanda ya kalli maci na bakwai na wasan ƙarshe na NBA a 2016 ya ga yadda LeBron James ya taso daga baya da gudu ya manna balon Andre Iguodala a jikin allon kwando ana kunnen doki 89 da 89, wannan kam ƙarfin jiki ne tsantsa kuma ni ma na miƙe tsaye a ranar. Amma ko shi sai da ya auna takunsa ya iso daidai lokacin. Kuma Bill Russell, da ya ci kofi 11 da Boston, gwanin tsallen sama ne na gaske tun yana jami'a, duk da haka abin da anka san shi da shi shi ne ya ɗan taɓa balo a hankali ta faɗa hannun ɗan ƙungiyarsu su ruga su ci. A zamaninsa ma ba a ƙirga kontir, sai a kakar 1973-74 anka fara.

Mu mutanen Nijar bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Nan Tawa anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama a hilin kokowa ya ga ƙato mai ƙirji kamar randa ya sha ƙasa hannun siririn da ya iya kafa ƙafa ya jira kuskure. Ba wanda ke cewa wanda ya kada shi ba ƙaƙƙarfa ba ne. To me ya sa in an zo basket sai mu manta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani yaro da nake koyawa, ba zan faɗi sunansa ba, shekararsa 16, dogo siriri, hannuwansa har kusan gwiwa. Bara na kai shi wani zaɓen ƴan wasa a Yamai, munka kwana a mota, anka jera su a bango kowa ya yi tsalle ya taɓa da alli, anka sa su gudu, shi ke nan anka ce ba shi da ƙarfi ya koma gida. Ko minti biyar ba a sa shi cikin wasa an ga abin da yake yi a ƙarƙashin kwando ba. Ni kuwa na san a hilinmu idan yana tsaye yara ba su ma shigowa, daga nesa suke jefawa suna ɓaraswa, kuma wannan ba ya shiga kowace takarda, balon da anka ji tsoron jefawa ba mai rubuta ta. Yaron nan bai ce mini komi ba duk tsawon hanya har munka wuce Dogon Dutsi, sai ya ce Malam ko in bar basket ɗin ne. Wallahi na ji zafin maganar nan.

Roƙona gare ku masu rubutu a shafin wasanni, da masu horar da yara a Yamai da Maraɗi da Damagaram, idan za ku auna yaro ku auna faɗin hannunsa da inda yake kaiwa yana tsaye, ku sa shi ya tashi sau uku a jere ku ga na ukun, ku yaudare shi da balo ku ga ko zai bar ƙasa, sannan ku ƙirga fot nawa yake yi. Yaron nawa bai bari ba, yana nan yana zuwa kullum bayan la'asar, yanzu muna aiki kan hannun hagu, don mai jefawa da dama hannun hagunka ne ke fuskantarsa.

Na gode da ba ni wannan hili.

Naku,
Mai koyar da yara basket, Tawa