Wasan talabijin ya riƙe Totono, amma ya tauye ƴar sanda Furomitsu

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani wasan kwaikwayo na ƙasar Japan mai suna Mystery to Iu Nakare, wanda tashar Fuji ta nuna kashi 12 daga Janairu zuwa Maris na 2022. An ɗauko shi daga littafin labari mai zane, irin wanda ake kira manga, na marubuciya Yumi Tamura. Littafin na fara karantawa cikin fassarar Faransanci, daga baya na kalli wasan tare da ƙannena a nan Maradi, kuma har yau ba mu daina muhawara a kansa ba.

Jarumin labarin, Totono, ɗalibin jami'a ne mai cunkushen gashi, wanda ƴan sanda suka tarar yana dafa abinci suka tafi da shi bisa zargin kashe abokin karatunsa. Ba ya faɗa, ba ya gudu. Magana ce makaminsa. A ɗakin tambayoyi, da wani ɗan sanda ya yi alfaharin cewa yana taimakon matarsa da fitar da shara, sai Totono ya nuna masa cewa matar ce ke bin ɗaki ɗaki tana tattarawa, ta rarrabe, ta ƙulle, shi kuwa ɗauka kawai yake yi zuwa bakin hanya. Na ji tsoron masu shirya wasan za su datse irin wannan doguwar magana, amma suka bar ta, kuma ɗan wasa Masaki Suda ya faɗe ta cikin natsuwar da na ji a takarda. A nan sun cancanci yabo.

Inda suka ɓata mini rai shi ne batun Furomitsu. A cikin littafin, matashiyar ƴar sanda ce da ke fama da ofishin da maza suka cika, har tana shakkar ko tana da wani amfani a wurin, sai Totono ya fahimtar da ita cewa kasancewarta daban da su shi ne amfaninta, domin ita ce idon da zai hana su haɗa baki a kan ɓarna. Wasan ya ƙara mata fitowa, ya shigar da ita binciken da littafin bai sa ta ciki ba, sannan ya ɗora mata alamun son Totono. Ƙanwata ta ce hakan ya ƙara wa labarin armashi. Ni kuwa gani nake an ɗauki macen da marubuciya ta tsayar da ƙafafunta saboda aikinta, an mayar da ita mai satar kallon saurayi, cutar da mu masu kallon finafinan Hausa muka daɗe da sani, inda ba a yarda labari zai tsaya ba sai an cusa masa soyayya.

Akwai kuma kiɗa, wanda yakan taso da ƙarfi daidai lokacin da ya kamata a bar mai kallo ya yi tunani, alhali a takarda shiru ke biyo bayan magana mai nauyi. Wani sashe na littafin kuwa, labarin rabon gado a birnin Hiroshima, tsallake shi suka yi, sai a 2023 ya fito a fim na daban.

Ina kira ga matasanmu da suka kalli wasan su nemi littafin, ko juzu'i na farko kaɗai, su ga Furomitsu yadda Tamura ta zana ta.

Naku mai karatu,
daga Maradi, Jamhuriyar Nijar