Zuwa ga Autana: Makokin Ya Isa Haka

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Muna lafiya a Mubi, sai ƙafar babanka da ke ta fama da sanyi.

Yayarka ta faɗa mini abin da kake ɓoye mini. Tun da aka kashe abokinka a harin Bokkos ta jihar Filato, daren jajibirin Kirsimeti na 2023, ka rufe shagon kafinta, ka daina zuwa sujada, kana kwana kana kallon hotunan gawarwaki a waya. Ban ga laifin hawayenka ba. Yaron nan a kwano ɗaya kuke cin tuwo, ni ma na yi kukansa. Ubangijinmu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Amma wata uku ke nan, Auta.

Kana da shekara 14 lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoba 2014, don haka ba ka manta gudun ba. Har hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN da ke Kwarhi suka kama, shugabanninmu suka koma Jos. Abin da ba ka gani ba shi ne dawowarmu, domin mun bar ka wurin kawunka. Na tarar da ɗakina ba rufi, buhunan dawa sun zama toka. Kwana biyu ina zaune a bakin ƙofa, ko ruwa sai an matsa mini. Rana ta uku wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta shigo da tsintsiya biyu. Ba ta yi mini wa'azi ba, miƙo mini ɗaya kawai ta yi. Muka share gidana, muka share nata, muka wuce majami'a. A cikin tokar na tsinci tukunyar ƙarfen nan ta kakarka, ta yi baƙi ƙirin. Na goge ta da yashi, a cikinta na dafa wake da yamma. Baƙin cikin bai tafi ranar ba, amma na ci abinci, na yi barci.

Ka buɗe Littafin Nehemiya a Littafi Mai Tsarki. Da ya ji garun Urushalima ya rushe, an ƙone ƙofofinta, zama ya yi ya yi kuka, ya yi azumi kwana da kwanaki. Daga nan ya tashi ya roƙi sarki izini da katako. Katako fa, Auta, kayan sana'arka! Cikin kwana 52 aka gama garun, ana gini ana tsaro, maƙiya na ta ba'a.

Damina na tafe, kuma mutane da yawa a ƙauyukan Bokkos ba su da rufin kwana. Mahaifiyar abokinka tana cikinsu. Kai kuwa zarto da guduma suna tsatsa a shago. Ka je wurin fastonku, ka tara samari uku ko huɗu, ku fara da ɗakinta. Na sayar da tunkiya ɗaya, kuɗin kwano ne da ƙusa, kada ka ce za ka dawo mini da shi.

Sai maganar da ta fi hana ni barci. Na ji wasu abokanka na zancen ramuwa. Ka fita daga cikinsu, ramuwa ta Ubangiji ce. In zuciyarka ta ce maka duk Musulmi ɗaya ne, ka tuna da Liman Abubakar Abdullahi na can Barkin Ladi, wanda ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallaci da gidansa a 2018, ya tsaya a gaban 'yan bindiga ya hana su shiga.

Direban da zai kawo maka wannan takarda yana ɗauke da yaji da ƙuli-ƙuli. Ka raba biyu, rabi ka kai wa mahaifiyar abokinka da hannunka, ka auno mini tsawon ɗakin da faɗinsa, ka kira ni ranar Lahadi bayan sujada.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Mamanka