Zuwa ga 'yata da ta tambaya ko gaskiya ma tana zama gulma

'Yata cikin Ubangiji, ina gaishe ki da ke da iyalinki.

A taron zumuntar mata kin miƙe gaban kowa kin yi mini tambaya, lokaci bai ba mu dama ba, na ce zan amsa a rubuce. Kin ce kin ga wata 'yar'uwa da idonki tana shiga gidan boka, kika kawo maganar wurin addu'ar safe don a yi mata roƙo, sai aka ce kin yi gulma. Tambayarki ita ce: tun da ba ƙarya kika yi ba, kuma addu'a kika nema, ina laifinki? Na rubuta a fili domin na san da yawa cikinmu suna riƙe da wannan tambayar a zuci.

Amsata ita ce, i, gaskiya tana iya zama gulma, har ta kashe mutum.

Ki buɗe 1 Sama'ila sura 21 da 22. Dawuda yana gudun sarki Saul, ya isa Nob, firist Ahimelek ya ba shi gurasar tsarki da takobin Goliyat. Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan Saul, yana wurin a ranar, ya kuma gani. Da sarki ya nemi labari, Doyeg ya faɗi abin da ya gani. An ba da gurasa, an ba da takobi, duk haka aka yi. Abin da bai shiga cikin labarinsa ba shi ne, Dawuda ya ce wa Ahimelek sarki ne ya aike shi, firist ɗin bai san gudu yake yi ba. Doyeg ya kai rabin labari wurin mutumin da zuciyarsa ke tafasa. A ranar firistoci 85 suka mutu, aka kashe mutanen Nob maza da mata da jarirai, Abiyata ɗan Ahimelek kaɗai ya tsira daga gidansu. Zabura ta 52 a kan Doyeg take, ta kuma kwatanta harshensa da aska mai kaifi.

Ke ma kin ga ƙafa ta shiga ƙofa. Kin san abin da ya kai ta? Wataƙila ta faɗi ne, tana neman magani inda bai kamata ba saboda ciwon yaro ko rashin haihuwa ya kai ta bango. Wataƙila kuma uwar mijinta ta je ɗaukowa. Mutum ɗaya ce za ta iya gaya miki, ita ce kuwa ba ki tambaya ba.

Batun addu'ar nan ne ya fi ci mini rai, domin ya zama ɗabi'a a cikinmu. Mukan ce "mu tuna da wance a addu'a", sai a zuba labarinta kaf, a yi addu'ar minti biyu, a tashi da labarin a kai gida. Kafin la'asar ya shiga WhatsApp, mijinta ya ji a bakin wani, 'ya'yanta sun ji a makarantar Lahadi. Allah da muke roƙo ya riga ya san gidan da ta shiga da dalilin shigarta, bai buƙatar a karanta masa sunanta a gaban taro. Da kin ce akwai 'yar'uwa da ke cikin jaraba, da an yi addu'ar, da mutuncinta kuma yana nan. Magana zarar bunu ce, 'yata. Ko gobe aka gano ba ta da laifi, akwai waɗanda har su mutu da wannan idon za su riƙa kallonta.

Ki tuna da Yusufu sa'ad da ya ga Maryamu da ciki. Shaidar da ke gabansa ta fi taki ƙarfi nesa ba kusa ba. Matiyu 1:19 ya kira shi adali, ya ce bai so ya kunyata ta a gaban jama'a ba, sai ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce, tun kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiyar al'amarin.

Kada ki ɗauka ina koya miki kame baki a kan kowane mugun abu. Idan ana dukan mace a gidanta, ko ana lalata da yarinya, ko ana cin kuɗin baikon ikilisiya, shiru zunubi ne, dole a faɗa, a kuma faɗa da wuri ga wanda zai iya tsayar da abin, ko dattawan ikilisiya ko hukuma. Mutanen gidan Kuluwi sun kai wa Bulus labarin rigimar da ke Koranti, shi kuma ya rubuta a wasiƙarsa cewa daga wurinsu ya ji. Sun kai maganar wurin mai iya gyara, ba su kuma ɓoye sunansu ba. Duk maganar da za ki fara da "kada ki ce ni na gaya miki", ki haɗiye ta.

Hanyar da Yesu ya shimfiɗa a Matiyu 18:15-17 ba ta da ruɗani: ki je wurinta ke kaɗai tukuna. In ta ƙi ji, ki tafi da mutum ɗaya ko biyu. Sai an yi waɗannan ba a dace ba kafin magana ta kai gaban ikilisiya. Kin fara da matakin ƙarshe, shi ya sa 'yan'uwa suka ji ciwo. Na yarda tsakaninki da Allah ƙaunarta ce ta sa ki magana, shi ya sa nake da tabbacin za ki iya abin da ya rage.

Ki je gidanta kafin Lahadi. Ki fara da neman gafararta a kan fitar da sunanta, sa'an nan ki tambaye ta abin da ke damunta, ki saurara har ta gama. In ta buɗe miki zuciya, abin da ta faɗa ya tsaya tsakaninku, ko ni kada ki kawo mini. In ta rufe miki ƙofa, ki zo ki same ni mu koma tare.

Taki cikin Almasihu,
Mamarki ta zumunta