Abba, ka sauke rubutun nan tun kafin ya zama magana

Assalamu alaikum Abba. Ya karatu, ya sanyin garin naku. Nan gida kowa lafiya alhamdulillah, sai ƙafar Hajiya da ta sake motsawa amma da sauƙi. Da kiranka zan yi, to na san halina na san naka, minti biyu zan fara ɗaga murya kai kuma ka ce netwok ya ɗauke, shi ya sa na zauna tun bayan isha'i nake ta dannawa da yatsa ɗaya. Ka karanta har ƙarshe, kuma ban son "to Baba" ɗin nan naka da ba ya zuwa ko'ina.

Jiya na ga abin da ka rubuta a Facebook. Kar ka kira ƙanwarka ka yi mata faɗa, ni na tsare ta sai da ta buɗe min. Wai Afirka ba za ta yi daraja a idon duniya ba sai ta mallaki makamin ƙare dangi, wai yuraniyum na nan jibge a Nijar, ƙwaƙwalwa kuma muna da ita, ga hotonka da farar rigar ɗakin gwaji, ga sunan garinku Tomsk na Rasha ɓaro-ɓaro a ƙasa. Wani ya zo ya ce Allah ya sa kai ne Abdulƙadir Khan ɗinmu, wato uban bam ɗin Pakistan, kai kuma ka ce masa amin har da hoton dariya. Abba, amin?? Wallahi sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa.

Da rubutun ne kaɗai da na yi barci. Amma ranar Juma'a mahaifin abokin ɗakinka ya ja ni gefe a masallaci, ya ce akwai wani mutum da ke zuwa yana ɗaukarku cin abinci, ba ɗalibi ba ne ba malami ba, ba kuma ɗan ƙasar ba ne, kuma wai kwamfutar da ka ce min ka tara kuɗi ka saya shi ya ba ka. Wai yana yawan tambayarka me ake koya muku, waye malaminku, wane ɗakin gwaji kuke shiga. Shi da ya faɗa min yana ganin abin arziƙi ne, yana ta cewa yaran sun sami mai taimako. Ni tun ranar abinci ba ya wuce min. Ruwa ba ya tsami banza Abba, ban taɓa ganin wanda ya tashi a garin ƙanƙara ya nemo ɗan Tudun Wada ya saya masa kwamfuta don kyan fuskarsa ba.

Kar ka ɗauka ban gane abin da kake faɗa ba. Na riga ka sani. Gaddafi ya miƙa kayan shirinsa na nukiliya a ƙarshen 2003, aka yi ta tafa masa, 2011 aka jawo shi daga cikin kwalbati a Sirte. Yukren ta ba da makaman da ta gada a hannun Tarayyar Sobiyat aka ba ta takardar alkawari a 1994, kai da kake can ka fi ni sanin inda takardar ta kai ta. Koriya ta Arewa ta ƙi ji ta ƙi gani, yau sai dai a zage ta daga nesa. Ƙasashe tara ke riƙe da abin nan, wajen dubu 12, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha, su ne kuma masu yi wa kowa wa'azi. Duk wannan ni ma ina faɗa a majalisa wajen mai shayi, har Alhaji na ce min ɗan gurguzu. To amma ni tsoho ne ɗan fansho da ya koyar da jogarafi shekara 35, in na faɗa surutun tsofaffi ne, iska ta kwashe. Kai fa? Kai kana cikin ajin da ake koyar da yadda ake tace yuraniyum. Kai da bakinka ka zaunar da ni ka min bayani cewa na wutar lantarki kashi 3 zuwa 5 ake kai shi, na bam kuma wajen kashi 90, amma injin tacewar iri ɗaya ne. To in injin ɗaya ne, da me masu sa ido za su bambance ɗalibin wuta da ɗalibin bam? Da abin da ke fita daga bakinsa da kuma mutanen da yake zama da su. Duk biyun ka miƙa musu a faranti.

Shi Abdulƙadir Khan ɗin da kake cewa amin, ka san ƙarshensa? A Holan ya yi aiki ya kwaso zanen injinan tacewa ya koma gida, Pakistan ta yi gwajinta a watan Mayun 1998, aka mai da shi gwarzo. A 2004 ƙasar tasa ce ta ɗora shi a talabijin ya nemi gafara kan sayar wa Iran da Libiya da Koriya ta Arewa fasahar, shi kaɗai ya ɗauki laifin, aka rufe shi a gidansa shekara da shekaru. Wannan fa wanda ya yi musu bam ɗin ke nan. Masanan nukiliyar Iran kuwa ko ɗaurin ba su samu ba. Mustafa Ahmadi Roshan shekararsa 32, a 2012 ɗan babur ya manna wa motarsa bam a Tehran da safe. Fakhrizadeh da duk masu gadinsa, a 2020 aka buɗe masa wuta a hanya. A Yunin 2025 har cikin gidajensu aka bi wasu da dare. Waɗannan suna da gwamnati a bayansu, da sojoji, da jami'an tsaro. Kai wa kake da shi? Ni da ƙanwarka.

Akwai kuma Vanunu, ma'aikaci ne kawai a cibiyar nukiliyar Dimona ta Isra'ila, ya ɗauki hotuna ya kai wa jarida a Landan a 1986. Mace aka turo masa, ta lallaɓa shi ya bi ta Rum, daga nan sai farkawa ya yi a hannun mutanensu, shekara 18 a kurkuku. Ba bindiga aka fara nuna masa ba, fara'a aka fara nuna masa. Ka gane abin da nake nufi ai.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai na kusa da kai ne. Dimitiri Kolker, masanin kimiyya a Novosibirsk, tsakaninku da garin kusan kamar Zariya zuwa Abuja. A 2022 aka je har gadon asibiti aka ɗauke shi yana fama da ciwon daji, aka kai shi Mosko bisa zargin cin amanar ƙasa, kwana biyu ya mutu. Iyalansa suka ce lacca ce ya je ya yi a Chaina. Ɗan ƙasa ke nan, dakta, mai suna. Bayan shi an yanke wa wasu furofesoshin garin shekara 14, shekara 15. To ina ga baƙar fata mai biza ta ɗalibi, da kwamfutar da ba shi da rasit ɗinta, da rubutu a intanet yana neman bam? Kuma kai ka ba ni labarin Seversk, garin da ke maƙwabtaka da ku wanda aka kewaye da waya, ba a shiga sai da takarda saboda a nan suka yi ta haɗa sinadarin bam tun zamanin Sobiyat. Lokacin kana ba ni labarin kana dariya, ni ma na yi dariya. Yanzu in na rufe ido abin da nake gani kawai, mutumin nan ya ce maka ɗan ɗauko min hoton kaza, ɗan turo min littafin ajinku, kai kuma da kunyar ya yi maka alheri ka kasa cewa a'a, don na san ka, ba ka iya cewa a'a, haka ka yi a maganar babur ɗin nan har sai da na je na tsaya maka. Can wa zai je ya tsaya maka? Ofishin jakadanci? Ni ko fasfo ɗina ya mutu. Sai dai a turo min takarda da yaren da ba na iya karantawa.

Kuma ka dubi lokacin da ka zaɓa. Yarjejeniyar da ta hana Amurka da Rasha makamai masu matsakaicin zango ta mutu tun 2019. Wadda ta taƙaita kowannensu a kan kawunan nukiliya 1,550, Putin ya jingine ta a Fabrairun 2023, masu binciken da ke zuwa su leƙa rumbunan juna sun daina zuwa. In manya suka daina leƙa ɗakin juna sai kowa ya koma zargin inuwarsa, kuma ƙananan mutane ake kamawa a nuna an yi aiki. Nijar ɗin ma da kake ambata, ka manta takardun ƙarya da aka buga da sunanta wai Saddam na neman yuraniyum a can? Bush ya ɗauko maganar ya faɗa a Janairun 2003, Elbaradei na hukumar nukiliya ta duniya ya fito a watan Maris ya ce jabu ne, duk da haka a watan aka afka wa Iraƙi. Takardar ƙarya ta ishe su a kan ƙasa guda, kai kuma ka rubuta ta gaskiya da hannunka ka sa hoto.

Na san za ka ce Baba ya fara, yadda ya hana ni shiga soja haka zai hana ni wannan. Eh na hana ka, kuma ko gobe zan sake hanawa, kana gani abin da ya sami Kawu. Amma wannan tafiyar waye ya tsaya maka? Ummanka kwana uku ba ta min magana ba, Hajiya ta ce na sayar da jikanta, ni na sa hannu, ni na rabu da gonar Dakace, kuma ban taɓa goranta maka ba sai yau da ka ja. Ban sayar da gonar ubana don ka je ka zama jarumin Facebook ba. Karatu ya shiga kanka har ka fara ganin mu ƙauyawa ne, ka yi digiri ɗaya da rabi kana raba wa nahiya makamai. Haba Abba. Haba.

Sunan wa kake ɗauke da shi? Mutumin nan da nake kunyar kiran sunansa har nake ce maka Abba, ya sha ba mu labarin shekarar da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, 13 ga Fabrairu 1960, wanda ya ninka na Hiroshima sau huɗu. Ana cikin hunturu, iska daga can take busowa, ya ce ya bi rijiyar gida da randuna duk ya rufe da faifai da tabarma, shi bai san me ake kira burbushin nukiliya ba, ya dai ji a rediyo an ce guba na tafe cikin ƙura. Da suka yi na uku, gwamnatin Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ƙasa 'yar wata uku da samun 'yanci. Baba har ya rasu in ya tuna sai ya ce ranar ya san an sami mulkin kai. Mu a tarihin abin nan ɓangaren masu rufe rijiya muke. Afirka ta Kudu ma da ta ƙera guda shida da kanta ta warware su, aka zo aka sa hannu a Alƙahira a 1996 cewa nahiyar nan ba za a ajiye shi ba.

Ka tuna ranar da ka dawo daga cibiyar makamashi ta Samaru kana aji biyu, ka ga 'yar ƙaramar tukunyar nukiliyar nan da Chaina ta haɗa, ka hana kowa cin tuwo da labari? Ko ita a 2018 sai da aka zo aka kwashe yuraniyum ɗinta mai ƙarfi, wajen kilo ɗaya kacal, aka mayar Chaina aka zuba mata marar ƙarfi. Kilo ɗaya a Zariya bai ɓace musu ba, kai ne za ka ɓace musu? A daren nan ka ce min kai so kake ka koyi abin da zai sa masu ciwon daji su daina kwana a barandar asibiti suna jiran injin gashi, don ka ga yadda Gwaggo ta ƙare. Wannan yaron na sa a jirgi, shi nake jira.

Ka sauke rubutun yau, har da amin ɗin. Kwamfutar ka mayar masa a gaban mutane, ka ce mahaifinka ne ya hana, ka ɗora min laifin duka, na saba. Ka faɗa min nawa ne sabuwa, akwai ɗan abin da ya rage na giratuti, in bai kai ba zan san yadda zan yi. In ya sake nemanka ka ce jarrabawa, in ya matsa ka sanar da malamin da ke duba aikinka, kar ka tsaya wai kunya.

Ummanka ba ta san komai ba, kar ka bari ta ji a bakin wani. Ta daka maka yaji da kuka, akwai kilishi ma, muna jiran yaron nan na Kano da zai koma ƙarshen wata. Ta ce in tambaye ka ko rigar sanyin ta isa. Ka kira ni Juma'a bayan an sauko, ba zan ɗaga murya ba in sha Allah. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka.